Randar Shafiƙ Baduku

Shafiƙ baduku ya rasu da asubahin wata Talata. Ladan Abdulhalim ne ya kawo mini labarin, ina cikin ɗaga ƙofar shago. Ya tsaya da carbi a hannu ya ce, "Abu Nazih, maƙwabcinka ya tafi."

Na ce, "Wanne?"

"Shafiƙ. Bai fito sallah ba. Na je na buga, na tarar da shi a kan katifarsa, ya riga ya yi sanyi."

Na yi masa addu'a, na nemi kujera.

Rumfar Shafiƙ tana bakin lungunmu, inda ake karyawa zuwa kasuwar sabulu. Takalma yake gyarawa. A ƙofarsa akwai randa lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, da kofi a ɗaure da sarƙa. Duk mai wucewa yana sha. Ni ma kullum ina sha, safe da rana, in ce masa, "Baduku, ruwanka yau da ɗumi." Shi kuma ya ce, ko kai bai ɗaga ba, "Mayar da shi ka karɓi kuɗinka." Iyakar hirarmu ke nan yawancin ranaku. Ta ishe mu.

Ladan ya ce, "Bayan la'asar za a sallace shi. Ka san ba shi da kowa. Matar ta daɗe da rasuwa, ɗa babu. In ba a ga takardar rasuwarsa a bango ba, ni da liman da masu haƙa ne za mu ɗauke shi."

"Ka yi shela a lasifika."

"Lasifikarmu ba ta wuce gidan burodi. Waɗanda suka san shi sun watse, wasu unguwar Mina, wasu Kubba. Tsofaffi ne, bango suke karantawa."

Na ce, "Je ka wanke shi. Takarda tawa ce."

Tun ina yaro takardun rasuwa nake bugawa a Tarabulus. Makaranta na bar ta da na gane baƙaƙe, sauran a gaban injin na koya. A garin nan mutum bai gama mutuwa ba sai an liƙa shi a bango. Na liƙa alƙalai, na liƙa 'yan dako. Ban taɓa barin gawa ta riga takardarta fita ba.

'Yata Nuhad ta iso da burodi mai riɗi a hannu. Tun da mijinta ya rasu ita ke zama a gaban kwamfuta, ni ina faɗa tana rubutawa. Na gaya mata. Ta ajiye burodin, ta kunna, ta daɗe tana kallo.

"Baba, ta kulle."

"Me ya kulle?"

"Manhajar rubutun. Tun watan jiya nake gaya maka tana gargaɗi. Wa'adi ya cika."

A gilashin kwamfutar ga takardar Hajja Badi'a ta makon da ya wuce, da baƙin zagayenta, da ayar a sama, da sunayen dangi har ƙasa. Komai yana nan.

Na ce, "Ga ta a buɗe. Goge sunan Hajja ki sa nasa."

"Shi ne abin da ba ta yarda. Kallo kawai. Ko ɗigo ba za ta bari a taɓa ba."

"Kayana ne."

"Haya ce, Baba. Nazih ne yake biya duk shekara da katinsa. Bana bai biya ba."

Nazih ɗana ne, yana Jamus. Tun ƙaramar sallah bai kira ba, kuma na ji a bakin mata an rage musu aiki. Katinmu na nan kuwa, tun da kuɗin ƙasa ya lalace, ko tsinke ba ya saya a waje.

Ta ce, "In kira shi?"

"Kada ki kira. Ba na tuna wa ɗana abin da ya yi shiru a kai."

Ta gyara mayafinta. Na san abin da za ta faɗa, don ta sha faɗa.

"Akwai ta kyautar nan. Na sauke ta, tana ciki, ban buɗe ba saboda ka hana. Tana buɗe tsofaffin takardunmu. Kafin ka gama gahawa na gama."

"Wa ya yi ta?"

"Mutane. Ko'ina a duniya."

"Me suke so?"

"Ba komai."

"To sadaka ce. Ba na ci."

Tun da abubuwa suka taɓarɓare na ga maza masu furfura a layi bayan motar kwalayen taimako, ana ɗaukarsu hoto da man girki a ƙirji. Ban shiga ba. An taɓa ajiye kwali a ƙofar gidana, na sa aka mayar wa masu shi. Mun ci wake da zaitun, mun kwana. Nuhad ta san haka.

Ta ce, "Ba kwalin shinkafa ba ne, Baba."

"Abin da ban biya ba, ban roƙa ba, aka miƙo mini, sunansa ɗaya."

Bangon da ke tsakaninmu da Ziyad mai gyaran waya katako ne. Ya shigo da tumbinsa a gaba, yana taunar burodin da ba nasa ba.

"Baffa Abu Nazih, Allah ya jiƙan baduku. Na ji kuna fama. Ka ba ni wuri, in sa muku irin taku ɗin nan, wadda aka fasa mata makulli. Ba haya, ba gargaɗi, har jikokinka."

"Ta sata."

"Wace sata? Rabin garin nan da ita suke aiki, har da masu wa'azi. Mai ita yana can bai san akwai lungunmu a duniya ba."

"Ayar Allah da sunan mamaci zan buga da kayan sata?"

Ya dubi Nuhad. "Yaya, kin ji? Sata ba ya yi, sadaka ba ya ci, kati ba shi da shi. Ni dai na ga abin da ya rage. Ku samo alƙalami mai kauri ku rubuta da hannu."

Na ce, "Takardar hannu ta ɗakin haya ce da ɓatan kyanwa. Shafiƙ ba kyanwa ba ne. Ajiye burodin ka fita."

Ya fita da burodin. Daga bayan katakon ya ce, "Ka tuna dai mai janareta yana kashewa bayan azahar. Jiya ko sallama ba a yi ba ya ɗauke."

Gaskiya ya faɗa. Wutar gwamnati mun manta kamanninta. In janaretan unguwa ya mutu, injin bugawa ya mutu har dare.

Na shiga ɗakin baya. Babban injin na daɗe da sayar da shi ga masu ƙarfe, amma ƙaramin na hannu yana nan a ƙarƙashin buhuna, da akwatin baƙaƙen dalma. Da su na ciyar da gida kafin a haifi masu kwamfuta. Na janye buhunan. Ƙura ta shaƙe ni, na yi tari har na dafa bango.

Nuhad ta tsaya a ƙofa. "Baba."

"Kawo fitila."

Ta kawo.

Baƙaƙen sun cakuɗe tun lokacin da muka gyara rufi. Da can yatsuna ke gane su, ba sai na duba ba. Yanzu yatsun sun yi kauri, idon kuma ya ƙi. Nakan ɗauko ɗaya, in kai shi gaban fitila, in juya, in mayar. Da ƙyar na haɗa sunan Shafiƙ da na ubansa. Na ɗaga layin zan kai inji, suka kuɓuce mini, suka zube. Na ji su suna gangarawa ƙarƙashin akwati.

Nuhad ta durƙusa za ta tsince. Na ce ta bari. Na buɗe gwangwanin tawada. Ta daskare kamar kwalta, wuƙa ma ba ta shiga.

Na ce, "Zan samo tawada."

"A ina?"

"A ƙarshen kasuwa akwai wanda muka yi sana'a tare."

"Baba, rana ta ɗaga."

"Na gani."

Na ɗauki sandata na fita. Ban bi ta gaban rumfar Shafiƙ ba, na zagaya ta bayan masallaci. Kasuwa ta cika. Kowane bango da takardunsa, sabuwa a kan tsohuwa, da yawa daga shagona suka fita. Ana ta gaishe ni, ina ɗaga sanda. Ba wanda ya ce mini komai game da baduku, don ba wanda ya sani.

Shagon da na nufa na tarar da shi cike da ƙunzugun jarirai har rufi. Wata mace ce a ciki. Na tambayi mai wurin. Ta ce ya tafi wajen 'yarsa a Beirut tun bara, injinansa an auna su a sikeli. Ta ce ko zan zauna, na ce a'a.

Dawowa ta fi tafiya tsawo. Gwiwa ta riƙe, maƙogwaro ya bushe. Ban yi tunanin hanya ba, ƙafa ce ta kawo ni bakin lungu yadda ta saba. Hannuna ya ɗauki kofin, ya ɗage buhun, ya zura.

Kofin ya bugi gindin randa. Ba ko ɗigo. Buhun ma ya bushe ƙayau.

Na tsaya haka nan. Rumfar a rufe, wani takalmin mace ɗaya a kan dakali yana jiran ɗan'uwansa. Sai ga wani ɗan dako, babban mutum, da igiya a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya miƙo hannu, na ba shi kofin. Ya zura, ya leƙa.

"Yau tsohon ya makara."

"Ya rasu."

Ya sauke igiyar. Ya ce, "Yaushe?"

"Da asuba."

"Ban ga takarda ba."

"Tana zuwa."

"Ya sunansa ma? Kullum nan nake sha, ban taɓa tambaya ba."

Na gaya masa sunan, na ce bayan la'asar a masallacin lungu. Ya maimaita sunan a hankali, ya ɗauki igiyarsa ya tafi da ƙishirwarsa.

Na zauna a dakalin. Tun da famfunan unguwa suka ƙafe, daga motar ruwa kowa yake saye. Shafiƙ ma daga can yake saye, da kuɗin ɗinkin takalmi, ya ɗauko a jarka kafin gari ya waye. Na san haka, ban dai taɓa tsayawa a kai ba. Na sha ruwan nan tun kafin a haifi Nuhad. Ban biya ba, ban gode ba, har ƙorafi nake yi. Kuma ko sau ɗaya ban ji ni mabaraci ne ba. Bai taɓa miƙo mini ba. Ajiyewa yake yi a bakin hanya, ya koma kan ɗinkinsa.

Na tashi da ƙyar.

Nuhad tana zaune a gaban kwamfuta, hannu a cinya. Ta tsince baƙaƙen duk da na hana, ta zuba a faranti. Ta dubi hannuna, ba tawada.

Na ce, "Masu abin nan naki. Sun san sunana?"

"A'a."

"Za su ɗauki hoto?"

"Wane hoto, Baba?"

"Akwai layi?"

"Babu. Suna ajiyewa ne, mai so ya ɗauka."

Na jawo kujera kusa da ita. "Buɗe."

Ta danna, abin ya buɗe, ta kira takardar Hajja Badi'a. Ta fito, amma ba yadda na san ta ba. Baƙin zagayen ya zame gefe, ayar ta sauko ta hau kan suna.

"Kin gani. Abin banza."

"Ka ba ni lokaci."

"Lokacin na mai janareta ne."

Ta ja zagayen ya koma wurinsa. Ta ɗaga ayar. Ta goge Hajja, wannan karon ta gogu. Salon rubutun da muke sa sunan mamaci da shi, mai kauri da doguwar jela, babu shi a ciki, ya tafi da masu haya. Ta nuna mini waɗanda ke akwai. Na ƙi na farko, na ƙi na biyu. Wani kamar rubutun kwalin magani. Wani kamar katin biki.

"Baba, zaɓi ɗaya."

"Wancan. Ƙara masa kauri. Ƙara. Ya isa."

Bai kai namu ba. Amma ana karanta shi daga tsallaken titi, kuma shi ne aikinsa.

Na faɗi sunan da na uba, ta rubuta. Na faɗi masallaci da lokaci da maƙabarta. Sai ta tsaya. A tsakiyar takarda akwai fili babba, inda ake jera 'ya'ya da 'yan'uwa da surukai da gidajen da suka haɗa jini da mamaci. Na Hajja ya cika har an matse. Na Shafiƙ fari fat.

Ta ce, "In ƙara girman sunan ya rufe wurin?"

"Kowa zai gane."

"To me zan sa?"

An fara kiran azahar. Na ji Ziyad yana jan ƙofarsa.

Na ce, "Rubuta. Ɗan'uwansa, Wajih Abu Nazih mai ɗab'i."

Ta juyo ta dube ni.

"Ɗan'uwa a Musulunci. Ba ƙarya a ciki. Rubuta. 'Ya'yan ɗan'uwansa, Nazih da Nuhad. Sannan ladan Abdulhalim. Sannan mutanen lungu baki ɗaya."

Daga bakin ƙofa Ziyad ya ce, "Baffa, ni fa? Takalmin aurena shi ya gyara."

"Sa shi a ƙarshe. Da ƙananan baƙaƙe."

"Ina za a karɓi gaisuwa?" in ji Nuhad.

"Nan. A ƙofar shago."

Ta danna. Injin ya yi tari, ya fara turo su da ɗumi. Na ɗauki ta farko na karanta daga sama har ƙasa da yatsa, yadda nake yi wa kowa. Ba kuskure. Na tsaya a kan injin ina tarawa, kunnena yana kan ƙarar janareta a bayan gidaje. Bai kai adadin da nake so ba aka ɗauke. Takarda ɗaya ta maƙale rabi a ciki, rabi a waje.

Nuhad ta ce, "Sun isa?"

"Za su isa."

Na dama fulawa da ruwa a bokiti. Ziyad ya ɗauki kaso ya hau babur ɗinsa zuwa Mina da Kubba, yana cewa man a kaina yake. Nuhad ta ɗauki hoton ɗaya ta tura wa matan unguwa. Ni na ɗauki kasuwa. Na liƙa a ƙofar masallaci, da gidan burodi, da bakin kasuwar sabulu, da inda 'yan dako ke hutawa. Ta ƙarshe na liƙa ta a ƙofar rumfarsa, saman randar. Azahar sai a makare na yi ta, a zaune.

Da la'asar masallacin bai cika ba. Amma an yi sahu, an ƙara sahu, har bayan ginshiƙai. Ɗan dakon nan ya zo da abokan aikinsa, sun wanke fuska, rigunan dai na aiki ne. Wasu tsofaffi sun zo daga Mina a motar haya. Makarar ba ta rasa kafaɗa ba har maƙabarta. Ni ban ɗauka ba, ba zan iya ba. Na bi baya da sanda.

A ƙofar shago aka jera kujeru. Mutane suna riƙe hannuna suna cewa Allah ya ba ni haƙuri. Wani ya ce bai taɓa sanin ni da baduku 'yan'uwa ne ba. Na ce yanzu ya sani.

Da aka watse Nuhad tana tattara kofunan gahawa ta ce, "In Nazih ya kira ya ce zai biya, mu koma waccan?"

"Bar shi ya ciyar da 'ya'yansa."

"To wannan ta zauna ke nan."

"Rubutunta bai yi mini ba."

"Zan nemo wani salon. Akwai su da yawa."

"Su ma a bakin hanya?"

"Su ma."

Na ce ta nemo mai jela.

Wanda ya ba Shafiƙ hayar rumfar ya zo bayan kwana biyu zai kwashe kayan ya sa wani. Na ce randar tawa ce, ni ne ɗan'uwa, yana rubuce a bango. Bai yi musu ba. Ziyad ya taya ni kawo ta ƙofar shago, muka kafa ƙusa muka ɗaure sarƙar.

Ban san tana cin ruwa haka ba. Jarka biyu ba sa kai ta la'asar in ana zafi, kuma motar ruwa ba ta shigowa lungu, a bakin titi take tsayawa. Nakan ɗauko ɗaya, in huta a dakalin Shafiƙ, in ƙarasa, in koma. Nuhad ta ce a bar mata, na hana. Masu sha ba sa kallona. Jiya wani ya sha ya zubar da saura a kan takalmina, ya ce ruwan da ɗumi. Ban amsa ba, numfashina bai dawo ba tukuna. Na jiƙa buhun na mayar, na shiga ciki, don an kawo sunan wani mamaci kuma.